Yadda Uwaliya Ta Shigar da Injin Goronyo Cikin Waya

A Wurno aka haifi Uwaliya, a gidan Malam Lawwali, wanda ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana buɗe ƙofofin ruwa a kanal ɗin noman rani. Kakanninta malamai ne, har yau akwai akwatunan littattafansu a ɗakin zaure, amma mahaifinta ya fita daban ya kama aikin ban ruwa. Manoma kan cika zauren da safe, kowa da kokensa, wannan ruwa bai kai gonarsa ba, wancan ya yi masa yawa har ya kwantar da albasa. Da idon Malam ya fara rauni, Uwaliya ce ke rubuta takardun da ake kaiwa ofis. Tana aji biyu na sakandare lokacin.

Ta gama makaranta, ta yi difloma a kan kwamfuta a Sakkwato, ta auri Jelani, malamin firamare a Achida. A nan bakin titi ta buɗe ɗan shago, tana buga takardu, tana yin katin biki, tana cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da titi ke yin shiru, sai ta jawo kwamfutarta ta riƙa kallon bidiyon yadda ake haɗa shafin intanet. Ba wanda ya sa ta. Ta yi wa shagonta shafi, ta yi wa wata Islamiyya ta unguwarsu, amma a ranta tana jin duk wannan gwaji ne. Aikin gaske take jira.

Aikin ya zo mata ranar wata Laraba, cikin wata tsohuwar akori-kura da ta tsaya daidai ƙofar shagon. Kawunta Tambari ne, yayan mahaifiyarta. Mai walda ne na asali, da ƙyauren gida da gyaran injin ban ruwa ya fara a Goronyo. Da noman shinkafa ya bunƙasa a ƙasan dam, sai ya koma ƙera injin bugun shinkafa, wanda ke raba tsaba da kara ya kuma sheƙe ta. A lokacin yana da ma'aikata goma sha ɗaya da rumfar kwano mai tsawo. Daga wajen baje kolin kayan gona yake dawowa, kuma ransa a ɓace yake.

Ko ruwan da ta miƙa masa bai sha ba ya ce, "Uwaliya, mi ne na wanga shahi da kowa ka tambaya ta? Mutum shi zo, shi duba injin, shi yaba, sannan shi ce, Alhaji ina shahinku na intanet? In ce babu, sai shi wuce wurin wasu 'yan birni da injin nasu bai kai rabin nawa ba."

Uwaliya ba ta bari ya rufe baki ba. Ta ce, "Kawu, ni na iya. Wallahi na iya."

"Ke?"

"Ni. Ka ba ni mako ukku."

Ya dube ta, ya dubi kwamfutar, ya ɗauki ruwan ya shanye. "Tau, ki yi muna wanda ya hi na kowa. Ki sa hotona da babbar riga."

Makon nan uku Jelani ya ce ko miya ya yaba sai ta mayar da hirar kan shafin. Ta buɗe shafukan manyan kamfanonin ƙasashen waje ta zauna tana nazarinsu, ta ce a ranta haka masana'anta take. Ta samo hotunan wasu mutane masu hular kwano suna nuna wani gini na gilashi. Ta sa ƙarfe yana tartsatsin wuta, yana motsi da kansa da zarar an buɗe shafin. Ta rubuta dogon Turanci mai cewa kamfanin Tambari jagora ne wajen samar da mafita ta zamani ga harkar noma a nahiyar Afirka. A sama, ga Kawu cikin shadda ruwan toka, ya dafa kujera. Da ta kai masa Goronyo ta nuna masa a kwamfuta, ya tashi tsaye yana kabbara, ya tara ma'aikata su gani, ya sa aka sayo tsire.

Wata biyu suka wuce. Kira biyu kacal shafin ya jawo. Ɗaya saurayi ne mai neman aikin ofis, ɗayan kuma wani ɗan kwangila ne yana tambaya ko suna yin ƙarafan bene mai hawa goma.

Uwaliya ta koma Goronyo don ta duba ko wani abu ne ya lalace. Tana zaune a rumfa sai ga Hamidu, wani Bafulatani daga Boyekai, mai shanu da gonar shinkafa, wanda ya sayi injin Tambari shekara biyu da suka wuce. Ya zo ne a canza masa boris ɗin injin, ƙarfen da gangar ke juyawa a kansa. Tambari ya ce masa ya kawo wayarsa ya ga abin mamaki. Aka buɗe shafin. Wayar ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, har Hamidu ya gama gaisawa da duk ma'aikatan. Da hotunan suka fito, ya kai wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Alhaji, ashe ka sai da wurin ga Turawa?"

"Wane irin Turawa?"

"Waɗanga masu hula. Kuma wanga gida na gilashi, ina yake ga Goronyo?" Ya ja yatsa ƙasa, ya ƙara ja. "To ina injin?"

Ma'aikatan suka fashe da dariya. Tambari bai yi ba. Uwaliya ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige, don gaskiya ne, a duk shafin babu hoton injin ko ɗaya sai can a shafi na huɗu, ƙarami, a kusurwa. Daga nan sai ta matsa kusa da Hamidu, ta zaro biro daga jakarta.

"Malam Hamidu, don Allah, ranar da kaz zo sayen injin ga, mi kat tambaya?"

Ya ce ai abu ne mai sauƙi. Ya tambayi buhu nawa yake bugawa a awa. Ya tambayi man da yake sha. Ya tambaya ko shanunsa za su iya ja da shi a amalanke, don mota ba ta shiga gonarsa. Sannan ya tambaya, in ya lalace tsakiyar kaka, wa zai gyara, kuma kayan gyaran a ina suke.

Uwaliya ta rubuta su duka. Ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan babu amsarta a shafin da ta kwashe mako uku tana yi. Abin mamaki, maimakon ta ƙara jin kunya, sai ta ji wani irin zumuɗi ya taso mata, irin na wanda ya daɗe yana neman mabuɗi ya gan shi a aljihunsa. Ta juya ta ce, "Kawu, na gane. Ka bar ni in zauna nan kwana shidda."

Ta kira Jelani ta gaya masa, ya ce ta zauna, zai riƙa leƙa shagon bayan an tashi makaranta. Ta sauka a ɗakin Habi, matar kawun. Kullum da safe sai ta ɗauki littafi ta zauna a benci a bakin rumfa, ba ta ko buɗe kwamfuta. Duk wanda ya zo, ko saye ko tambaya ko gyara, tana rubuta kalmomin da ya yi amfani da su. Ba ta ji mutum ɗaya ya ce mafita ba. Cewa suke, yana ɓarar da tsaba? Yana karya ta? Mutum nawa ke ɗaga shi?

Babban mai waldan wurin, Baba Mode, dattijo ne mai furfura da ya fi shekara ashirin tare da Tambari. Shi ya kwance mata injin gunduwa-gunduwa, ya nuna mata haƙoran ganga, da fanka mai sheƙa, da bel. Ya ce duk wani ƙarfe da ke jiki ana samunsa a kasuwar Sakkwato, da gangan suka yi haka don kada manomi ya jira kaya daga Legas. Uwaliya ta kusa tsalle.

"Baba, wagga magana ita ta ya kamata ta zan ga sama! Don mi ba ku taɓa hwaɗa min ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ba ki tambaya ba, ɗiyata. Hotuna kinka tambaya."

Rana ta huɗu suka ɗora injin a akori-kura suka tafi Taloka, inda ake yankan shinkafar rani. Tambari kullum cewa yake injinsa buhu ashirin yake yi a awa. Uwaliya ta ce tana so ta gani da idonta. Zafin ranar ya kai inda ya kai, amma ta tsaya da agogon waya a hannu, mutum uku suna cusa dami, ƙaiƙayi yana tashi yana maƙale mata a mayafi. Awa ta cika, buhu goma sha biyu da ɗan abin da ba a rasa ba. Suka sake, goma sha uku. Suka auna fetur, lita ɗaya da rabi. Can wajen la'asar aka kawo wasu dammuna da aka yanka a ranar daga gefen da ruwa bai janye ba. Ana cusa su injin ya shaƙe, ya yi tari, ya tsaya. Baba Mode ya buɗe shi yana zaro ɗanyen kara da hannu, ya ce haka yake, ba ya son jiƙaƙƙiya, sai ta sha rana kwana ɗaya ko biyu.

Uwaliya ta rubuta wannan ma, ta ja masa layi biyu.

Rigimar a tsakar gida aka yi ta, bayan sallar isha'i ba da jimawa ba, Habi tana raba tuwo. Uwaliya ta karanta wa kawunta abin da take so ta sa a shafin.

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Sha biyu? Ni da nika cewa ashirin?"

"Sha biyu munka gani, Kawu."

"Kuma ki rubuta ma duniya injina bai bugun ɗanya? Wa kinka taɓa ji ya kai kaya kasuwa shina shelar aibinsu?"

"In mutum ya saye bai sani ba, ranar da injin yat tsaya mai cikin gona, garinsu duka za su ji. In ya sani tun nan, sai shi shanya ta kwana guda, shi buga, shi gode maka."

"Hotona hwa?"

"Shina nan. Amma ƙasa, da kayan aiki, kai da Baba Mode. Sama injin za ya zauna."

Tambari ya ce shi dai bai ga inda aka taɓa yin haka ba. Habi ta ce daga bakin murhu, ai na farkon da aka yi yadda yake so, ɗan kwangilar bene ya jawo masa. Ya harare ta, sannan dariya ta ƙwace masa. Ya ce ya ba Uwaliya wata uku, in ba a ga komai ba a mayar masa da babbar rigarsa.

Ta koma Achida kamar ana tura ta. Ta goge komai. Layin farko da ta rubuta, da manyan baƙaƙe, cewa yake: Injin bugun shinkafa, ƙirar Goronyo, buhu goma sha biyu a awa da lita ɗaya da rabi na fetur. A ƙarƙashinsa hoton da ta ɗauka a Taloka, tsaba tana zubowa cikin kwando. Sai wani koren maɓalli babba, in ka taɓa shi wayar Tambari ce za ta yi ƙara. Ƙasa kaɗan ta jera tambayoyin da ta ji a rumfa, kowace da gajeriyar amsa: mutum huɗu ke ɗaga shi, amalanken shanu na ɗaukarsa, ba ya bugun jiƙaƙƙiyar shinkafa, ga sunayen masu gyara a Wurno da Rabah da Goronyo da lambobinsu. Turancin ta mayar da shi shafi na biyu, don ƙungiyoyi da ma'aikatu, shi ma ba ta bar shi ya yi tsawo ba.

Ta tuna cewa da yawa daga masu sayen ba sa karanta boko. Sai ta sa Baba Mode ya yi bayanin injin da bakinsa, minti ɗaya, ta naɗa. Sau bakwai suna sakewa don in ya ga waya a gabansa sai ya koma magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ta roƙi Hamidu ya yi irinsa da Fulatanci, ya yi shi a karo ɗaya, har da ƙarin cewa shi shekara biyu boris kaɗai ya canza.

Hotunan kuwa ta matse su har suka yi sauƙi. Ta ari tsohuwar wayar Habi mai fasasshen gilashi, ta hau mashin har Boyekai, ta tsaya a inda sabis ke da layi ɗaya. Ta buɗe shafin tana ƙirgawa a ranta. Kafin ta kai takwas ya fito. Ta yi ihu har mai mashin ya waiwayo. Ranar kasuwar Achida kuma ta riƙa tsayar da mutane, ta miƙa musu wayar na ɗan lokaci kaɗan, ta karɓe, ta ce, "Mi aka saidawa nan?" Mai albasa ya ce injin shinkafa. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce injin shinkafa, kuma na Goronyo ne. Mutum ɗaya ne ya ce bai ga inda za a kira ba, ta koma shago a take ta ƙara wa maɓallin girma.

Ta sa adireshin shafin a jikin kowane inji da fenti, ta tura shi cikin zaurukan manoma na waya. Kwana takwas shiru, ban da masu gaisuwa. Rana ta tara da hantsi tana cikin buga wa wani takardar haya, wayarta ta yi ƙara. Tambari ne, yana magana da ƙarfi har mai takardar yana ji.

"Uwaliya! Uwaliya, kina jina? Wata mata ta kira daga wajen Haɗeja! Shugabar ƙungiyar mata manoma! Ta ce suna tahe jibi!"

"Kawu, yi sannu, mi tac ce?"

"Ta ce ta saurari Mode har sau ukku! Ki rufe shagon ga ki taho!"

Hajiya Hassana, shugabar ƙungiyar, ta iso da mata biyu da direba, bayan tafiyar yini guda. Mace ce mai kaifin ido, ba ta da yawan dariya. Ba ta zauna a kujerar da aka shimfiɗa mata darduma ba, ta ce a kai ta gona. A Taloka ta ciro nata agogon. Awa ta cika, buhu goma sha uku. Ta ɗebi tsabar ta murza a tafin hannu, ta duba ƙaiƙayin ko akwai shinkafa a ciki, sannan ta juyo wajen Tambari.

Ta ce, "Alhaji, bari in gaya maka abin da ya kawo mu. Bara mun sayi wani inji, takardarsa ta ce babu abin da ba ya yi. Kwana uku ya yi mana. Da na ga naku ya rubuta da kansa cewa ba ya bugun jiƙaƙƙiya, sai na ce wa matan nan, wanda ya faɗi wannan, sha biyun da ya faɗa ma gaskiya ce."

Tambari ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce ai su a wurinsu gaskiya ita ce gaba da komai. Baba Mode ya sunkuyar da kai yana duba wata ƙusa da ba abin da ya same ta. Uwaliya ta toshe baki da mayafi.

Inji huɗu suka ce a ƙera musu. Ranar da aka ɗora su a babbar mota, rabin unguwar ya fito kallo. Ma'aikatan sun shafa musu sabon koren fenti, Habi ta dafa shinkafa da wake a babbar tukunya, Hamidu ya zo da ƙwaryar nono daga Boyekai duk da ba wanda ya aika masa. Uwaliya tana ta zagaye motar da waya tana ɗaukar hoto, ta hau kan durom don ta samo su duka huɗun, Tambari yana ce mata ta sauko kada ta faɗi. Kafin motar ta kai Wurno hoton yana kan shafin.

Daga nan kira bai yanke ba. Ba kullum ake saye ba, amma masu kiran sun daina tambayar abin da aka riga aka amsa, sai dai su ce yaushe za a gama musu. Tambari ya ƙara tsawon rumfar, ya ɗauki masu walda uku. Da ya ga mutane da yawa daga yankunan da ruwa ke daɗewa suna tambaya, sai shi da Baba Mode suka fara gwada wata ganga mai faɗin haƙora. Sun gwada guda biyu ba su yi ba, suna kan ta uku.

Uwaliya tana nan a shagonta na Achida, har yau tana buga katin biki, don ta ce ba za ta kori mutanen da suka saba da ita ba. Amma ta sa labule ta raba shagon biyu, bayan labulen nan ne teburin shafuka. Ta yi wa wasu mata a Wurno masu niƙa garin tafarnuwa suna ƙullawa a leda, ta yi wa wani mai ƙera kurar ruwa. Akwai wanda ya zo da hotunan da ya sauko da su daga intanet ya ce a sa masa, ta ce sai dai ya nemi wani, ya yi fushi ya tafi, bayan sati biyu ya dawo.

A makon da ya wuce wani mutum mai suna Zayyanu ya kira ta daga Rabah. Bututun siminti yake bugawa, irin wanda ake binnewa a ƙarƙashin hanyar gona don ruwan kanal ya wuce. Ya ce shi bai san ko irin kayansa na shiga intanet ba, don ba su da kyan gani.

Uwaliya ta ce, "Malam Zayyanu, tirakta na bi ta kansu ba su hwashe ba?"

Ya ce har tifa cike da yashi ta bi.

Ta miƙe tsaye daga kujera. "Tifa? Kana da direban da za ya yarda shi sake bi ina ɗaukar bidiyo?"

Ya ce ƙaninsa ne direban. Ta ce to ranar Alhamis ya cika tifar, tana nan tafe a motar farko.